Ranar da Dutsen Ƙanƙara Ya Narke a Falona

Shekaru sun ja tun da muka baro Malesiya, abubuwa da yawa sun dishe a raina, har lambar ƙofar gidan da muka zauna sai na yi dogon tunani kafin in tuno ta. Amma akwai abu ɗaya da ba na jin zai taɓa fita daga kaina ko tsufa ya ci ƙarfina, wato ranar da dutsen ƙanƙara ya narke a kan teburin cin abincina, ina durƙushe a ƙarƙashinsa da roba a hannu, farfesoshi suna kallo ta kwamfuta.

Karatun maigidana ne ya kai mu Kuala Lumpur. Malamin jami'a ne a gida, fanninsa ilimin ruwa, aka ba shi gurbin digiri na uku. Muka kama gida a Pantai Dalam, a wani dogon bene da ke cike da ɗalibai daga ƙasashe daban-daban, ni da shi da 'ya'yanmu biyu ƙanana. Da za mu taho, a zatona kogin Haɗeja zai yi bincike a kai, ko dam ɗin Tiga, wani abu dai da idan aka tambaye ni a gidan suna zan iya buɗe baki in yi bayani. Sai malamar da ke duba aikinsa ta ce tana da wani bincike a hannu kan wani kogi a arewacin Pakistan, can cikin manyan tsaunuka, ta saka shi a ciki.

Yadda ya yi mini bayani, mutanen wurin ba damina suke jira ba irin tamu. Lokacin sanyi dusar ƙanƙara ce ke zuba ta lulluɓe tsaunukan, ta zauna can sama kamar ajiya. Idan zafi ya fara shigowa sai ta riƙa narkewa a hankali, ruwan yana gangarowa cikin kwari, da shi suke sha, da shi suke ban-ruwa a gonaki. Aikinsa shi ne ya gano yadda ɗumamar yanayi ke taɓa wannan ajiya, ko tana raguwa, kuma yaushe take saukowa.

Duk wannan ba laifi. Matsalar ita ce mutumin nan bai taɓa ganin dusar ƙanƙara da idonsa ba. Mutum ne da idan aka ƙure fanka sai ya nemi safa. Ranar da mahaifiyarsa ta tambaye shi a waya abin da yake karantawa, ya tsaya ya yi mata bayani tiryan-tiryan, ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "To, Allah ya taimaka. Amma ƙaninka ma da azumi yana sayar da ƙanƙara, kuma bai bar gari ba." Ni kuwa ina kicin ina toshe baki da gefen mayafi.

An shirya zai je kwarin ya yi wasu makonni yana aune-aune. Muka tafi Bukit Bintang takanas muka sayo masa wata jibgegiyar rigar sanyi mai hula, da takalma masu nauyi kamar na soja. Ya gwada rigar a cikin shagon, ya fito kamar katifar da aka ɗaure da igiya. Jakarsa a haɗe take a bakin ƙofar ɗaki lokacin da korona ta sauka, aka rufe iyakoki, aka ce kowa ya zauna a gida. Rigar ta koma bayan ƙofa a rataye, duk wanda ya shiga ɗakin da magariba sai ya firgita, ya zaci mutum ne.

Malamarsa ta ce kada ya damu, ya ci gaba da hotunan tauraron ɗan'adam da ƙididdigar da ake turowa daga can, sannan ya shirya domin akwai zaman tantancewa da za a yi masa ta kwamfuta. Zaman ba na wasa ba ne. Idan kwamitin ya gamsu zai ci gaba, idan bai gamsu ba sai ya sake lale daga farko, ga shi wa'adin tallafin karatun ba jiran kowa yake yi ba. A cikin kwamitin kuma akwai wani tsohon farfesa da ya taɓa karanta babinsa na farko ya ce masa, "Kana rubutu a kan dusar ƙanƙara kamar wanda aka ba wa labarinta." Maganar nan ta tsaya masa a rai. Ko abinci yake ci sai in ji ya maimaita ta ƙasa-ƙasa.

Wata safiya ina jajjage ya shigo kicin ya jingina da bango ya ce, "Hajiya, sannu da aiki."

Duk ranar da ya kira ni Hajiya na san akwai abin da yake nema. Na ce, "Malam, faɗi kawai."

"Firizar nan, duka kike amfani da ita?"

Na ajiye abin da ke hannuna na dube shi. Firizar nan ita ce rumbuna. Tun da aka fara raɗe-raɗin kulle na cika ta da naman sa da kaji da markaɗen kayan miya, har da man shanun da wata ta zo mini da shi daga Kano. Ya ce shi dai yana son ya gina ƙaramin tsauni na ƙanƙara a faranti, ya nuna wa kwamitin da idonsu yadda gefen da ke kallon rana ke riga narkewa, da yadda ƙura idan ta sauka a kan dusa take sa ta shan zafi ta narke da wuri. Ya ce idan sun ga haka za su san ba labari aka ba shi ba.

Na ce, "To ai labarin aka ba ka."

Ya ce, "Shi ya sa nake son in gani."

Yadda ya faɗi maganar ya ba ni tausayi. Na ba shi rabin firizar. Kafin sati ya zagayo rabin nan ya haifi ɗan'uwansa.

A ƙasan benenmu akwai wani shagon mamak, irin wuraren cin abincin Indiyawa Musulmi da ke ko'ina a garin. Suna da injin gurza ƙanƙara da suke yin ais kacang da shi, wato gurzajjiyar ƙanƙara da ake tulawa a kwano a zuba mata madara da ruwan zaƙi da jan wake. Lokacin kullen ba a zama a ci, sai dai tapau, ka saya a ƙulle maka ka tafi da shi. Maigidana ya riƙa sauka da takunkuminsa da kula a hannu, yana cewa a gurza masa ƙanƙara zalla. Ya ce ranar farko mai shagon ya tambaye shi ko a sa madara, ya ce a'a. Ruwan zaƙi fa? A'a. Wake? A'a. Mutumin ya daɗe yana kallonsa ta saman takunkumi, sannan ya ce, "Boleh lah," wato ba komai, ya kunna inji. Na tabbata ya ɗauka kullen ya fara taɓa mana kai.

Gwajin farko da garin kukata ya yi ƙurar, ba tare da ya tambaye ni ba. Ya barbaɗa ta a gefen tsaunin, ya haska fitilar karatu a matsayin rana. Da ya fara narkewa, abin da ya gangaro ba ruwa ba ne, miya ce mai yauƙi, ba ta rasa komai ba sai daddawa. Na ce masa idan mutanen kwarin nan haka koginsu yake, to tuwo kawai za su riƙa tuƙawa. Daga nan ya koma garin kofi. Yaran kuwa kullum suna gefe da cokula, suna jiran a gama kimiyya su cinye gefen da kofi bai taɓa ba.

Naman da aka kora daga firiza shi ya zama nawa aikin. Na soya wani, na yi dambu da wani, duk da haka ya fi ƙarfinmu. Sai na riƙa ƙullawa a roba ina ratayewa a mariƙin ƙofofin maƙwabta, in ƙwanƙwasa in ja baya. Ta haka na san matar da ke ƙofar da ke kallon tamu.

Dattijuwa ce fara, siririya, kullum da lulluɓi mai kauri duk da zafin garin. 'Yarta ce ke karatun haɗa magunguna, ta haihu, uwar ta zo taya ta jego da niyyar ta yi wata guda ta koma, sai aka rufe hanya da ita. Ba ta jin Turanci, ni ba na jin yarensu, amma washegari na tarar da robata a ƙofa cike da wata gurasa mai laushi da busassun 'ya'yan itace. Na fara kiranta Inna, ita ma ta amsa. Muna buɗe ƙofofinmu da hantsi, kowa ta zauna a bakin tata, 'yar tana tsaye da jariri a kafaɗa tana yi mana tafinta.

Wata rana Inna ta ga maigidana ya fito daga lif da kularsa. Ta tambayi 'yarta me yake yi da ƙanƙara haka kullum, ko wani ne ba lafiya. Na yi bayani iya yadda na fahimta, ina yi ina dariya. Sai na ga 'yar ta daina dariya, ta juya ta yi wa uwar magana da sauri. Ashe daga yankin suke. Ba kwarin da yake bincike a kai ba ne, nasu yana bayan wasu tsaunukan, amma rayuwar iri ɗaya ce. Inna ta ce yanzu haka lokacin gyaran magudanar ruwa ne a ƙauyensu, maza su fita da shebur su kwashe duwatsu da ƙasar da suka toshe ta, mata su yi girki a kai musu. Ta ce tun da aka kai ta gidan miji ba ta taɓa rasa wannan aikin ba sai bana.

Da na gaya wa maigidana, sai ya shiga ɗaki. Can sai ga shi ya fito da laftof, ya ɗora a kan kujerar roba, ya tura ta tsakiyar hanyar da ke tsakanin ƙofofinmu, ya ja baya. Ya tambayi sunan garin da ya fi kusa da su, ya riƙa matso da hoton a hankali. Da farko fari ne kawai da ruwan toka. Sai ga wani siririn kore a tsakanin duwatsu. Inna ta sunkuyo, ta kai yatsa kusa da gilashin, ta bi wani layi da shi, ta tsaya a wani ɗan ɗigo. Ta faɗi wata kalma. 'Yar ta ce, "Wai ga rufin makarantarsu nan, gidanmu yana bayansa." Inna ta ja gefen lulluɓinta ta goge ido, sannan ta yi murmushi ta ce wani abu, 'yar ta fashe da dariya ta ce wai tana duba ko mahaifinsu ya ɗaure akuyoyi.

Daga nan ta yi tambayar da ta sa maigidana gumi. Ta ce tunda yana ganin tsaunin daga sama, ya gaya mata, dusar bana tana da yawa? Domin suna da gona biyu, ɗaya a ƙasa kusa da bakin magudanar, ɗaya a can gefen tudu wadda ruwa ke isa gare ta a ƙarshe. Idan shekara ta yi kyau dukansu ake shuka dankali. Idan ruwa ya yanke da wuri, ta tudun ce ke ƙonewa, iri da wahala su tafi a banza.

Ya ce ta ba shi lokaci. Ya kwana biyu yana jera hotunan bana da na shekarun baya, yana ta lissafi, abinci ma sai na yi da gaske yake ci. Na ce masa, "Malam, ko na kwamitin ba ka tsorata haka ba."

Ya ce, "Kwamiti idan na yi kuskure gyara za su ce in yi. Wannan abincin mutane ne."

Abin da ya gaya musu shi ne, ba zai iya faɗar rana ko mako ba, amma a abin da yake gani dusar bana ba ta kai ta bara ba, kuma ta fara janyewa sama da wuri. Ruwa zai zo da ƙarfi a farko, yana tsoron ya yi ƙaranci a lokacin da dankali ya fi bukatarsa. Aka kira mijin Inna a waya, aka sa a lasifika, aka faɗa masa. Muka ji muryar tsoho mai kauri ya yi doguwar magana. 'Yar ta ɗan ji kunya kafin ta fassara. Wai a tambayi baƙon, shi ya taɓa ganin dusar ƙanƙara?

Na dubi maigidana, na ga kunnensa ya motsa. Ya ce, "Ki gaya masa wallahi ban taɓa ba. Sai ta cikin firizar matata."

Da aka fassara, dariyar tsohon har ta cika hanyar benen. Ya ce mutumin da ya faɗi wannan gaskiyar ba zai yi masa ƙarya a sauran ba, zai yi tunani.

Ranar zaman tantancewa ta zo bayan ƙaramar Salla. Tun da sassafe aka fara ginin. Ya kifa kwanon silba a babban farantina, ya tula masa gurzajjiyar ƙanƙara har ta yi tsini, ya barbaɗa kofi a gefe ɗaya. Ya tsaga robar ruwa gida biyu ya yi kwata da ita, wai kogi, ta gangara zuwa bakin tebur. A gindin tsaunin ya jera ƙwayoyin sukari, wai ƙauye. Aikina shi ne in shiga ƙarƙashin tebur da roba in tari ruwan da ke sauka, kada in bari kyamara ta gan ni, kada kuma in yi tari. Yaran an kai su ɗaki an kunna musu katun.

Domin kada tsaunin ya narke kafin lokaci, aka rufe tagogi aka ƙure na'urar sanyaya ɗaki. Ba a jima ba haƙoran maigidana suka fara haɗuwa. Ya dube ni, na dube shi, na tashi na ɗauko masa rigar bayan ƙofa. Haka ya zauna gaban kwamfuta a tsakiyar Kuala Lumpur, rana tana dukan gilashin taga, shi yana cikin rigar hawan tsauni har da hula. Da malamarsa ta bayyana a allo ta dubi rigar, sannan ta tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya lau, shiri ne.

Abin da ba mu saka a lissafi ba shi ne tsohon farfesa da kwamfutarsa. Da farko ana ganinsa ba a jin sa. Aka gyara, sai ana jin sa ba a ganinsa. Can sai ya ɓace gaba ɗaya, aka ce a jira, jikarsa tana zuwa ta duba masa. Muna jira, ga fitilar karatu maigidana ya riga ya kunna ta tun da aka ce za a fara, kuma tsabar ruɗewa ya manta bai kashe ba. Ni a ƙasa na fara jin ɗis, ɗis a cikin roba. Jim kaɗan ɗis ɗin ya koma tsiyaya. Na ja ƙafar wandonsa. Ya ɗan ture hannuna da gwiwa yana yi wa allo murmushi. Na sake ja, na raɗa masa, "Malam, tsauninka yana tafiya."

Ya ce ta gefen baki, "Ki riƙe shi."

Har yau ban san yadda ake riƙe tsauni daga ƙarƙashin tebur ba.

Da farfesan ya dawo, sai shugaban zaman ya ce a fara da bayani, a bar gwajin zuwa ƙarshe. Maigidana ya shiga jawabi, yana nuna taswira da zane-zane. Ina jin muryarsa tana rawa, rabi sanyi rabi tsoro. Robata ta cika, na jawo tukunya da ƙafa na canza. Ƙafafuna suka yi tsami. Da ya zo wurin gwajin ya ce, "Yanzu zan nuna muku," ya juya kyamarar zuwa farantin. A daidai lokacin gefen da aka barbaɗa wa kofi, wanda ruwa ya riga ya cinye ta ƙasa, ya saki gaba ɗaya. Ya zame daga jikin kwanon ya faɗo cikin kwatar, kwatar ta kife, ruwa mai launin ƙasa ya kwashe ƙauyen sukari, ya bi ta kan tebur, rabi ya sauka a cinyarsa, rabi a bayan wuyana. Sanyin da ya ratsa ni ya sa na miƙe ba shiri, kaina ya daki tebur, na fito a gaban kyamara da tukunya a hannu, ɗankwali a karkace, kofi yana bin fuskata.

A allo fuskoki sun daskare, har na yi fatan ko intanet ce ta yanke. Abin da ya rage a farantin kwanon silba ne tsirara da ɗan farin abu a bayansa. Na dubi maigidana, na ga idonsa a kan sukarin da ke narkewa, na ce a raina shi ke nan, mun koma gida.

Tsohon farfesa ne ya fara magana. Ya gyara tabarau ya ce, "Me muka gani yanzu?"

Maigidana ya dubi farantin. Sai ya cire hular rigar, ya ture takardun da ya shirya gefe, ya ce, "Farfesa, ruwan da na tanada domin lokacin da za ku bukace shi ya riga ya sauko tun kuna can ba ku shirya ba. Matata ta tara shi a tukunya a ƙarƙashin tebur. Wanda ya rage kuma ya zo a lokaci ɗaya ya tafi da ƙauyen. Yanzu da kuka ce in nuna muku, babu komai a kan dutsen." Ya nuna kwanon. "Ruwan bai ragu ba ko cokali ɗaya, duka yana cikin falon nan. Lokacinsa ne ya ɓaci. Abin da nake ƙoƙarin faɗa ke nan tun babi na farko, ban iya faɗarsa ba sai yau."

Daga nan ya ba su labarin Inna da gonarta ta tudu, da tambayar da ta yi masa, da abin da hotunan suka nuna masa da wanda ba su iya nunawa ba. Muryarsa ta daina rawa. Ni dai ina tsaye da tukunya, na manta ma ana ganina, domin ban taɓa jin ya yi maganar aikinsa haka ba. Suka yi masa tambayoyi masu zafi, wasu ya amsa, wasu ya ce bai sani ba tukuna. A ƙarshe tsohon farfesan ya ce gwajin ba kimiyya ba ne, kada ya kuskura ya saka shi a kundin, amma bayanin da ya biyo baya shi ne abin da yake nema, ya je ya rubuta shi kamar yadda ya faɗe shi. Sannan ya matso da fuskarsa kusa da kyamara ya ce, "Madam, ke ce dam ɗin?"

Na ce, "Ni ce, ranka ya daɗe," da Hausa, domin Turancin ya gudu ya bar ni.

Aka ce ya ci gaba da aikinsa, da gyare-gyare. Da aka kashe kwamfuta muka zauna a ƙasa cikin ruwan kofi muka yi dariya har yaran suka fito suna tambaya da Turanci me ya faru da ƙauyen. Na buɗe ƙofa na tarar da Inna a bakin tata da carbi, ashe tun safe take zaune tana jira. Ta ga kamannina, ta kama baki. Na ɗaga mata babban yatsa, ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah.

Labarin gonar bai zo ba sai bayan watanni. Mijin Inna ya raba hankalinsa biyu. Ya shuka dankali a ta ƙasa, ta tudun kuma ya shuka rabinta da sha'ir mai saurin nuna, rabin ya sa dankali duk da haka, wai kada a ce ya bi maganar mai firiza ido rufe. Ruwa ya zo da wuri kuma da ƙarfi, har ya fasa magudanar a wani wuri suka gyara. Da zafi ya yi nisa sai ya koma siriri. Sha'ir ya riga ya nuna an girbe, dankalin tudu kuwa ya fito ƙanana kamar goro. Ya aiko a gaya wa maigidana cewa rabin da ya saurare shi ya ci, rabin da ya yi gardama kuma akuyoyi sun gode. Maigidana ya yi murna, amma ya roƙi 'yar ta gaya wa mahaifinta kada ya mayar da shi boka, domin wata shekarar hoton zai iya ruɗarsa.

Inna ta samu jirgi daga baya ta koma. Ranar tafiyarta muka tsaya a ƙofofinmu kamar kullum, an hana runguma, sai ta miƙo hannu daga nesa, ni ma na miƙa, muka yi ta magana kowa da yarenta ba tare da mun nemi tafinta ba.

Na shiga wannan lamari ina ganin karatun mijina abin ba'a ne, ilimin wata duniya da ba ta haɗa komai da mu ba, ashe wadda abincin gidanta ya rataya a kansa tana zaune taku kaɗan daga ƙofata. Tun daga lokacin, idan na ga mutum ya duƙufa a kan abin da ban gane amfaninsa ba, nakan yi dariyata idan abin ya ba ni dariya, amma ba na raina shi. Na kuma koyi cewa idan abin da ka gina ya rushe a gaban mutane, kada ka tsaya kame-kame, ka dubi abin da ya faru ka faɗe shi yadda yake. Sau biyu na ga mijina ya yi haka, gaban tsohon manomi da gaban tsohon farfesa, kuma duka biyun a nan ne suka fara sauraronsa.